Gwiwar ƙarfe mai samar wa kanta lantarki: inda bincike ya kai da abin da ya rage

A ƙasar Amurka kaɗai, mutane fiye da miliyan ɗaya ne ake sauya wa gwiwa ko kwatangwalo da gaɓar wucin gadi a kowace shekara. Tiyatar na cikin waɗanda suka fi samun nasara a aikin likitanci na zamani, domin wanda amosanin gaɓɓai ya zaunar da shi shekara da shekaru yakan miƙe ya taka cikin kwanaki kaɗan. Sai dai daga ranar da aka ɗinke fata, ƙarfen da aka dasa ya zama bebe. Likita ba shi da hanyar sanin nauyin da ke sauka a kansa, ko ya karkata gefe guda, ko ya fara girgiɗi a cikin ƙashi, sai abin da majinyaci ya faɗa da bakinsa da kuma abin da hoton ƙashi ya nuna. Shi kuwa hoton, sau da yawa ba ya bayyana ɓarna sai ta riga ta yi nisa.

Wannan ne ya sa injiniyoyi da likitocin ƙashi a jami'o'in Amurka da Turai suka shafe fiye da shekara ashirin suna neman yadda za a sanya wa gaɓar wucin gadi na'urar da za ta riƙa auna halin da take ciki tana aikowa waje. Ƙera na'urar awon bai gagare su ba. Abin da ya ɗaure musu kai shi ne wutar da za ta ciyar da ita tsawon rayuwar majinyaci, kuma amsar da da yawansu suka karkata gare ta ita ce a ciro wutar daga takun mutumin da kansa.

Gwiwar wucin gadi kashi uku ce. Akwai hular ƙarfe da ake kifawa a ƙarshen ƙashin cinya, akwai farantin ƙarfe mai gindi da ake kafawa a saman ƙashin ƙwauri, sannan a tsakaninsu akwai wani matashi na roba mai tauri da santsi da ake kira foliyetilin, wanda ke tsayawa a madadin guringuntsin da ya cinye. Haɗa ƙarfe da wannan roba ya samo asali ne daga aikin likitan nan na Ingila, John Charnley, wanda ya fara amfani da ita a gaɓar kwatangwalo a asibitin Wrightington cikin shekarar 1962, yana kafe sassan a ƙashi da wani siminti na musamman.

Tsarin ya jure gwajin zamani. Wani nazari da masana na Jami'ar Bristol suka wallafa a mujallar The Lancet a 2019 ya gano cewa kusan kashi 82 cikin 100 na gwiwoyin da aka sauya gaba ɗaya suna kai shekara 25 ba tare da an sake taɓa su ba, yayin da na kwatangwalo ya tsaya a kusan kashi 58. Waɗanda suka gaza kuwa, dalilan ba su cika wuce huɗu ba: ƙwayoyin cuta su yi sheƙa a jikin ƙarfen, ko ƙarfen ya saki ƙashi, ko robar ta cinye, ko gaɓar ta rasa daidaito ta riƙa goce wa mai ita. Tiyata ta biyu ta fi ta farko wuya da tsada, domin ciro tsohon ƙarfe yakan taho da ƙashi, kuma sabon ba kasafai yake daɗewa kamar na farko ba. Bayan wannan, bincike da dama ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar da aka sauya wa gwiwa ba ya gamsuwa da sakamakon, ko da hoton ƙashinsa bai nuna wani aibu ba. Irin wannan majinyaci yakan ce yana jin ciwo, likita ya duba ya rasa abin kamawa.

Leƙa cikin gaɓa

Yunƙurin auna nauyin da ke kan gaɓa daga cikin jiki ba sabo ba ne. A 1966, wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Nils Rydell, ya ba da rahoton awon da ya yi da gaɓar kwatangwalo mai ɗauke da ma'aunai, wadda wayoyinta suka fito ta cikin fata. Awon na ɗan lokaci ne, don ba a barin waya ta ratsa fata ta daɗe, ƙofa ce a buɗe ga ƙwayoyin cuta. A 1988, Georg Bergmann da abokan aikinsa a birnin Balin na Jamus suka dasa gaɓar da ke aiko da saƙo ta iska, babu waya. Daga gare su aka tabbatar cewa a tafiya ta yau da kullum nauyin da ke sauka a kwatangwalo ya kai kusan ninki biyu da rabi na nauyin jikin mutum, sannan da wani majinyaci ya yi tuntuɓe yana ƙoƙarin kare kansa daga faɗuwa, awon ya haura ninki takwas. Abin da ke kawo wannan ƙari shi ne tsokoki, waɗanda ke matse gaɓa da ƙarfi domin su riƙe jiki a tsaye.

A gwiwa kuwa, sai a 2004 aka yi irin wannan dashe, a asibitin Scripps da ke jihar Kalifoniya, inda Darryl D'Lima da Clifford Colwell suka jagoranci aikin. Awonsu ya nuna cewa tafiya na ɗora wa gwiwa ninki biyu zuwa biyu da rabi na nauyin jiki, sassarfa da wasan tanis da na golf sun zarce haka nesa, tuƙa keken motsa jiki kuma shi ne mafi sauƙi gare ta. Kafin wannan lokaci, shawarar da likitoci ke bai wa majinyata kan abin da za su yi da wanda za su bari, lissafi da kirdado ne suka fi yawa a cikinta.

Waɗannan gaɓoɓi na Balin da Kalifoniya ba su da batir. Ana ɗaura wa majinyaci wani naɗin waya a cinya ko ƙwauri, wanda ke aika wuta ta cikin fata zuwa wani ƙaramin naɗi da ke cikin ƙarfen, irin dabarar da wasu wayoyin hannu ke cin caji ba tare da an soka musu waya ba. Da zarar an cire naɗin, gaɓar ta koma shiru. Saboda haka abin da aka auna shi ne takun da mutum ya yi a ɗakin bincike a gaban masana, ba wanda yake yi a gida ko kasuwa ba. Batir kuma yana da iyaka. Na na'urar daidaita bugun zuciya yakan kai shekara goma ko kusa da haka, kuma sauya shi ƙaramar tiyata ce domin a ƙarƙashin fata yake. Wanda aka binne a cikin ƙashin ƙwauri, babu hanyar kai wa gare shi sai an tumɓuke gaɓar.

Lantarkin matsi

A 1880, wasu 'yan'uwa biyu a birnin Faris, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa idan aka matse wasu duwatsu masu ƙyalli, irin su kwaz, cajin lantarki yakan bayyana a fuskokinsu. Daga baya aka raɗa wa lamarin suna da kalmar Girkanci mai nufin matsawa, wadda ake furtawa fiyezo. A Hausance ana iya ce masa lantarkin matsi. Dalilinsa yana cikin yadda ƙwayoyin zarra suka jeru a jikin dutsen: jerin ba shi da daidaito ta kowane ɓangare, don haka idan matsi ya ɗan murɗe shi, cajin da ke zaune lafiya sai ya rabu, wani ya taru a wannan fuska, kishiyarsa a waccan. A shekarar da ta biyo baya aka tabbatar cewa lamarin yana juyawa, wato idan aka ba dutsen lantarki, shi ma yakan ɗan miƙe ko ya takure.

Mai karatu ya riga ya san wannan abu ko da bai san sunansa ba. Shi ne ke fitar da tartsatsi idan aka danna laita ko makunnin murhun gas, shi ne ke ƙirga daƙiƙa a agogon hannu mai batir, kuma shi ne ke aika sauti ya karɓi amsa-kuwwarsa a na'urar da ake duba juna biyu da ita. Wani abin sha'awa, shi kansa ƙashi yana da wannan ɗabi'a. Masana biyu na Japan, Eiichi Fukada da Iwao Yasuda, sun nuna haka a 1957 da busasshen ƙashi, kuma tun lokacin ake muhawara kan irin rawar da wannan ɗan lantarki ke takawa wajen sa ƙashi ya yi kauri a inda yake ɗaukar nauyi.

Abin da ya ja hankalin masu ƙera gaɓa shi ne cewa abu ɗaya na iya yin aiki biyu. Yawan cajin da ya fito yana bin ƙarfin matsin da aka yi, don haka ma'auni ne. Cajin kuma idan aka tara shi wuta ce. Ke nan idan aka ajiye ɗan ɓallen irin wannan abu a ƙarƙashin robar gwiwa, kowane taku zai faɗi nauyinsa, ya kuma biya kuɗin wutar da za a kai labarin.

A 2005, Stephen Platt da abokan aikinsa na Jami'ar Nebraska suka wallafa gwajin da suka yi da tangaran mai suna PZT, wanda mutum ne ke haɗa shi kuma ya fi kwaz ba da caji nesa ba kusa ba. Sun jera tulin ɓallaye uku a cikin samfurin farantin gwiwa, suka sa inji yana danna shi kamar yadda tafiya ke yi, suka samu wutar da ta kusa miliwat 5. Masu bincike a birnin Brest na Faransa, ciki har da Shaban Almouahed, suka biyo da tsarin ɓallaye huɗu, ɗaya a kowace kusurwar farantin. A Jami'ar Fasaha ta Tennessee kuwa, Mohsen Safaei da Steven Anton, tare da likitan ƙashi Michael Meneghini, sun zaɓi su binne ƙananan ɓallayen a cikin robar kanta. Hikimarsu ita ce robar ce kaɗai sashen da likita ke iya zarewa ya sauya ba tare da ya taɓa ƙashi ba, sannan ba sai an sake fasalin ƙarfen da aka riga aka yarda da shi ba. Farashin wannan zaɓi shi ne wutar ta ragu ƙwarai, ta koma ana ƙirga ta da maikirowat, wato kashi ɗaya cikin miliyan na wat.

Ana iya mamakin yadda nauyi mai yawa haka zai ba da wuta 'yar mitsitsiya. Mutum mai kilo 70 yana ɗora wa gwiwarsa kusan kilo 175 a kowane taku. Amma makamashi ba ya samuwa daga nauyi kaɗai, sai nauyin ya motsa wani abu, kuma tangaran mai tauri ba ya lotsawa sai gwargwadon da bai kai kaurin gashi ba. Ba kuma za a so ya lotsa fiye da haka ba, domin gwiwar da ke nutsewa a ƙarƙashin mai ita ba gwiwa ba ce. Batirin wayar hannu na yau da kullum yana ɗaukar kusan wat 15 na tsawon sa'a guda. Da miliwat 5, sai mutum ya yi tafiyar sa'o'i dubu uku babu tsayawa, wato fiye da wata huɗu dare da rana, kafin ya cika shi. Masu tunanin wata rana za a yi cajin waya da gwiwa sai su haƙura.

Sa'ar da aka yi ita ce na'urorin awo na zamani ba su da haɗama. Wata tawaga da Sherry Towfighian ta Jami'ar Binghamton ke jagoranta, wadda ta bi wata hanya makusanciya ta samar da caji daga gogayyar fuskoki biyu, ta bayyana a 2019 cewa na'urarta na buƙatar maikirowat 4.6, yayin da tafiyar matsakaicin mutum ke ba da kusan 6. Ratar ba ta da yawa, amma ta isa. Dabarar da duk masu wannan aiki ke bi ita ce ta tara ruwan sama a randa: wutar da ke zuwa tsit-tsit, tana kai da komo, ana miƙar da ita a zuba a wani ɗan rumbu da ake kira kafasita. Na'urar na kwance tana barci mafi yawan lokaci, sai rumbun ya cika ta farka, ta yi awo, ta aika saƙo cikin ƙiftawar ido, ta koma ta kwanta. Aika saƙon ne ya fi cin wuta, domin ƙarfe da tsoka duk suna shanye igiyar rediyo.

Saƙon da ake fatan samu ya wuce jimillar nauyi. Idan ɓallayen sun kai huɗu ko shida, bambancin abin da kowanne ya ji zai nuna inda nauyin ya fi sauka. A tafiya, ɓangaren gwiwa na ciki ya fi na waje ɗaukar kaya, amma idan rinjayen ya yi yawa, ko yana ƙaura a hankali wata bayan wata, alama ce ta cewa jijiyoyin da ke riƙe gaɓar ba su daidaita ba, ko robar na cinyewa a gefe guda. Akwai kuma masu gwada juyar da aikin, su ba ɓallen wuta ya girgiza ƙarfen kaɗan, sannan su saurari yadda ya amsa. Ƙarfen da ke kafe daram a ƙashi da wanda ya fara saki ba sa amsawa iri ɗaya, kamar yadda mai sayen tukunya ke ƙwanƙwasa ta ya gane mai tsaga.

Inda gizo ke saƙar

Cikas na farko yana cikin sunan PZT, domin harafin farko na nufin dalma, kuma ita ce kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa. Dalma guba ce ga jiki. Dole a rufe tangaran ɗin ruf a cikin akwatin da ruwan jiki mai gishiri ba zai ratsa ba har tsawon shekara ashirin ko talatin. Akwai madadin da ba su da dalma, kamar tangaran na bariyom da kuma wata roba mai laushi, PVDF, wadda Heiji Kawai ya gano tana da wannan ɗabi'a a 1969, sai dai wutarsu ba ta kai ta PZT ba, alhali dama wutar ce ke ƙaranci.

Na biyu, tangaran yana jure dannawa amma ba ya jure lanƙwasa, ga shi gwiwa tana murɗawa tana zamewa. Ƙafa ɗaya na taka ƙasa sau miliyan ɗaya zuwa biyu a shekara, don haka ɓallen da za a dasa wa ɗan shekara 55 sai ya jure duka miliyan hamsin, har da ranar tuntuɓe. Kowane rami da aka fafe a ƙarfe ko roba domin a ba shi wuri kuma yana rage ƙarfin gaɓar. A nan ne hujjar masu taka-tsantsan ta fi nauyi, kuma suna da gaskiya: gaɓar da takwas cikin goma ke kai shekara 25 ba abar wasa ba ce, idan na'urar da aka sa don gano matsala ta zama ita ce silar karyewar ko da kaɗan daga cikinsu, an gudu ba a tsira ba.

Sai wata matsala da ba a cika ambata ba. Lantarkin matsi canjin nauyi yake ji. Idan mutum ya tsaya cik, cajin yakan zurare a hankali har awon ya koma sifili, ko da nauyin na nan. Wanda ba ya tafiya kuma ba ya samar da wuta. Makonnin farko bayan tiyata, lokacin da aka fi buƙatar sa ido, su ne lokacin da majinyaci ya fi ƙarancin taku, haka ma wanda gaɓarsa ta fara ciwo yakan rage tafiya. Na'urar na iya yin shiru a daidai ranar da ake son jin ta bakinta, ko da yake shirun ma wani labari ne ga likitan da ke lura.

Waɗannan dalilai ne suka sa gwiwa mai ciyar da kanta ba ta bar ɗakin gwaji zuwa kasuwa ba. Wadda ta isa hannun likitoci ita ce Persona IQ, ta kamfanonin Zimmer Biomet da Canary Medical, wadda Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta amince da ita a watan Agustan 2021. Batir take amfani da shi, wanda aka ce zai kai aƙalla shekara goma, kuma an ɓoye na'urar ne a gindin farantin da ke cikin ƙashin ƙwauri. Motsi take aunawa: yawan taku, saurin tafiya, tsawon taku da iya lanƙwasar gwiwa, tana aikawa zuwa wata 'yar na'ura da ke ɗakin majinyaci, daga nan zuwa ga likita ta intanet. Idan batirin ya mutu, gwiwar za ta ci gaba da aikinta kamar kowace, sai dai ta daina magana, wataƙila tun kafin shekarun da ƙarfe ya fi yawan saki. Tambayar da masu biyan kuɗin magani ke yi game da duk irin waɗannan na'urori ita ce ko tarin bayanan na rage yawan tiyata ta biyu, kuma amsarta na buƙatar bibiyar dubban majinyata na tsawon shekaru.

A Najeriya ana yin tiyatar sauya gaɓa a asibitocin ƙashi na ƙasa da ke Igbobi a Legas, da Inugu, da Dala a Kano, da wasu asibitocin koyarwa da masu zaman kansu. Wani ɓangare na masu buƙatarta a nan ya bambanta da na Turai. Ƙasar ce ta fi kowace yawan masu cutar sikila, kuma ɗaya daga cikin illolin cutar shi ne toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya har ya mutu ya rufta, abin da ke kai matasa 'yan shekara ashirin ko talatin ga sauya kwatangwalo. Wanda aka dasa wa ƙarfe a wannan shekaru kusan tabbas ne zai rayu fiye da ƙarfen, kuma da yawa na zaune nesa da likitan da ya yi musu aiki, ga kuɗin mota da na hoto duk daga aljihu. Gaɓar da za ta yi gargaɗi da wuri ba tare da dogaro da caji ba za ta fi amfani ga irin wannan majinyaci, duk da cewa tsadar gaɓar da ba ta da kowace na'ura ma ta riga ta gagari mafi yawan iyalai.

Akwai kuma giɓi a ilimin kansa. Alƙaluman nauyin gaɓa da masu ƙera ƙarfe ke gwada kayansu da su sun fito ne daga majinyata ƙalilan, galibinsu dattawan Jamus da Amurka, masu zama a kujera da kwana a gado mai tudu. Matar da ke tsugunawa ta yi wanki, ta zauna a tabarma ta tashi sau goma a yini, ko manomin da ke ɗora buhun hatsi a ka ya bi hanya mai gargada, suna sa gwiwa aikin da ba ya cikin jerin abubuwan da aka saba aunawa a ɗakunan binciken Balin da Kalifoniya.